Ranar da Agogo Ya Daina Shiga Lungu

A kamfanin sabulun da nake aiki, babu mai kiran direban motar ma'aikata da sunansa na yanka. Agogo ake ce masa. Na tarar da laƙabin lokacin da na dawo daga karatu aka ɗauke ni aiki a ɗakin gwaji, kuma ban daɗe ba na gane dalilinsa. Matan unguwarmu da hon ɗin motarsa suke tashin yara su yi shirin makaranta.

Siririn mutum ne, ba shi da yawan magana, kullum da tsumma a kafaɗa yana goge abin da ya riga ya goge. Manyan motocin kaya ya fara tuƙawa, irin waɗanda ake kwana a hanya. Da ya yi aure sai ya bar su ya karɓi wannan motar, don kawai ya riƙa kwana a gidansa. Ita ma motar a ƙofar gidan nasa take kwana, daga can yake fara kwasar mutane.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne yadda ake kwasar. Inda na yi karatu, mutum ne ke jiran mota. A nan mota ce ke jiran mutum. Ƙa'idar kamfani, wadda kowa ya sani, ita ce a tsaya a bakin babban titi: gidan mai, shataletale, sai ƙofar asibiti. Amma Agogo lungu-lungu yake bi, ƙofa-ƙofa, ya danna hon ya jira.

Na tambayi Inna mai shara, wadda muke fara shiga motar tare da ita, yadda aka yi abin ya zama haka. Ta ce wata damina ce Sakatariya na da tsohon ciki, Agogo ya tausaya mata ya shiga lungunsu ya ɗauko ta. Washegari Akanta ya ce to shi ɗan wa ye, ai gwiwarsa ma ciwo take. Daga nan kowa ya gano nasa uzurin. Yaron da ke cikin Sakatariya a lokacin yanzu yana firamare, mota kuwa tana nan tana shiga lungu.

Saboda haka tun da sauran duhu muke fita. Mu tsaya ƙofar Akanta, a danna hon, shiru. A sake dannawa. Can sai ya leƙo ta taga da buroshi a baki, ya ɗaga mana hannu kamar mu ne muka yi saurin zuwa. A gidan Sakatariya kuwa aike ake yo mana: wai a ɗan jira, tana neman takalminta ɗaya. Agogo ba ya tsaki, ba ya duban kowa. Sitiyari kawai yake gogewa. Duk ɓata lokacin nan ya riga ya sa shi a lissafinsa, shi ya sa yake sammako, shi ya sa kuma ba mu taɓa makara ba.

Ana cikin haka matarsa ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ta bar masa yarinya ɗaya, ba ta ko isa shiga makaranta ba. Muka je gaisuwa gaba ɗayanmu. Babu wanda ya kai Akanta kuka. Ya riƙe hannun Agogo ya ce, "Duk abin da kake buƙata, ko mene ne, ka faɗa kawai. Mu ne danginka." Sakatariya ta rungume yarinyar ta ce daga yau 'yarta ce.

Ranar da ya dawo aiki, na hau motar na tarar da yarinyar a kujerar bayansa, an naɗe ta da rigar sanyinsa, tana gyangyaɗi. Kanta da wani irin kitso, rabi ya kalli gabas, rabi bai yanke shawara ba.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika?" in ji Inna.

"Ni ne, Inna," ya ce.

"To Allah Ya yafe maka."

Bayanin mai sauƙi ne. Akwai wata mata mai raino a unguwarsu da ke karɓar yaran ma'aikata, amma ba ta buɗe ƙofa sai gari ya waye sosai, don ita ma tana da nata yaran da za ta sallama. Maƙwabciyarsa sammakon kasuwa take yi. Ba zai kulle yarinya ita kaɗai a ɗaki ba. Don haka sai ya riƙa ɗauko ta, su yi zagayen tare, ya sauke mu a kamfani, sannan ya koma da motar babu kowa ya miƙa ta gidan raino ya dawo.

Nan da nan yarinyar ta zama tamu. Da barci ya sake ta, sai ta miƙe ta kama ƙarfen kujera tana sanarwa: "Akanta ya makara! Baba, danna masa!" Aka sa mata suna Kwandasta. Sakatariya ta riƙa zuwa da mataji a jaka, tana warware kitson uban tana yin nata kafin mu isa. Kowa na kawo mata alewa har uban ya roƙa a rage.

Tare da alewar kuma shawara ta zo, wadda babu wanda ya nema.

"Agogo, aure za ka yi," in ji Akanta. "Namiji da raino? Ina aka taɓa yi?"

"To, Oga."

"Ko ka kai ta wajen yayarka. Ba an ce tana son ta karɓe ta ba?"

"Ta ce."

"To me kake jira?"

Sai da muka fita daga lungun Agogo ya ce, "Gidan Yaya tafiyar wuni guda ce. Uwarta ta tafi, ni ma sai in tafi?"

Sai Sakatariya ta ce tana da wata ƙanwar mijinta, mai hankali, ga iya girki.

A hankali na ga aikin yana zame masa. Da, shi ake tura wa ɗauko baƙi daga filin jirgi, shi ke tafiye-tafiyen ƙarshen mako. Yanzu da an tashi aiki jikinsa ke rawa, don mai raino ba ta son a wuce lokaci. Sau biyu ya nemi a yi masa afuwa, daga nan aka daina tambayarsa. Da muƙamin babban direba ya fito, wanda kowa ya san nasa ne, sai aka ba wani wanda Agogo ne ya koya masa hanyoyin garin. Aka ce shi Agogo yanzu hankalinsa ya rabu. Ranar da yarinyar ta kwana da zazzaɓi ya nemi hutun wuni ɗaya, sai aka tambaye shi, wai babu wata mace a gidan ne? A ofishin da aka tashi mota guda aka je gaisuwar matar tasa aka yi masa wannan tambayar.

Abin ya fashe ne wata safiya da Manaja ya nemi mota da gaggawa aka ce Agogo ya je kai 'yarsa. Ina ofishin ina jiran a sa min hannu a sakamakon gwaji lokacin da aka shigo da shi. Manaja ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da ke fara kowace magana da "ni a nawa ɓangaren".

"Ni a nawa ɓangaren ina tausaya maka," ya ce. "Amma inshorar motar nan ma'aikata kawai ta rufe. In wani abu ya faru da yarinyar nan a hanya, wa zai amsa? Ni."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Na ba ka zuwa ƙarshen wata. Ko yarinya ta daina hawa, ko ka kawo makulli. In ka kawo ba korar ka zan yi ba. Akwai gurbi a motocin kaya."

"Masu kwana a hanya, ranka ya daɗe?"

"Su ne ke akwai."

Agogo ya yi godiya. Godiya! Ya fita yana ninke tsummansa.

Ni dai na kwana ina juya abin, har na ga kamar na gano wata babbar dabara. Da safe, kafin motar ta cika, na matsa kusa da shi.

"Malam Agogo, in da ba ka shiga lungu fa? In kowa ya fito bakin titi, ai sai ka jira mai raino ta buɗe, ka ajiye Kwandasta, ka fito, kuma mu isa a kan lokaci."

"Har da saura, Malama," ya ce, bai ko juyo ba.

"Au, ka sani?"

"Tun ranar farko."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ce wa Oga Akanta ya tako da ƙafa? Mutumin da ya zo min gaisuwa?"

Na rasa wanda zan fi jin haushi, su ko shi. Na ce to ni zan faɗa.

Na jira har kowa ya shiga, na miƙe na yi bayani dalla-dalla. Ban taɓa ganin shawarar da ta samu karɓuwa irin wannan ba. Akanta ya ce wannan shi ne amfanin ilimi. Sakatariya ta ce wallahi ita ma abin ya taɓa zuwa mata a rai. Kowa ya gyaɗa kai.

"Sai dai ni," in ji Akanta, "kun san larurar gwiwata. Ni kaɗai za a riƙa shiga ɗauka, ai ba wani lokaci ba ne."

"Ni ma lungunmu akwai karnuka," in ji Sakatariya.

"Da safe, Anti?" na ce. "Ai gari ya waye lokacin."

"Karnukan lungunmu ba su san wannan ba."

Mai kula da sito ya ce shi ya fi kowa daɗewa a kamfanin, in za a shiga lungun wani to nasa ne na farko. Wani ya ce kwatar layinsu ta fashe. Wata ta ce mijinta ba ya son ta tsaya a bakin titi. Kafin mu isa ƙofar kamfani an amince da tsarin baki ɗaya, kuma an cire kowa daga cikinsa sai ni da Inna, waɗanda da ma a bakin titi muke hawa. Kwandasta na zaune a cinyar Sakatariya ana yi mata kitso.

Na je wajen Manaja. Ya saurare ni da kyau.

"Ni a nawa ɓangaren ban taɓa cewa ya shiga lungu ba," ya ce. "To ta yaya zan ce ya daina abin da ban sa shi ba? Ku sasanta a tsakaninku."

Shi da motarsa yake zuwa aiki.

Wata ya kama hanyar ƙarewa, babu abin da ya canja. Hon, jira, buroshi a taga, takalmi ɗaya. Wata safiya na ga wata 'yar jaka a ƙarƙashin kujerar Kwandasta, an cika ta har zif ɗin ya ƙi rufuwa, hannun wata 'yar tsana ya leƙo. Inna ma ta gani.

"Ta mece ce wannan?" ta tambaya.

Ya rage murya don kada yarinyar ta ji. "Yaya za ta zo ƙarshen mako. Ina tara kayan ne kaɗan-kaɗan a mota, don in ta ga ina haɗawa a ɗaki tambaya take."

Inna ta dube shi ta madubi, ta daɗe tana dubansa.

"Kai Agogo," ta ce, "ni na yi rainon yara uku ni kaɗai, da tsintsiyar nan. Na ji kunyar mutane iri-iri, babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ko yaran sun ci. Kunyar Akanta ce ta fi maka wannan yarinyar? In ka kai ta, shi zai raka ka ganinta?"

Agogo ya danna wa Akanta hon, ya jira kamar kullum. Na ce a raina shi ke nan, mutumin nan ba zai gyaru ba.

Da yamma, muna hanyar komawa gida, sai ya yi gyaran murya. Ba mu saba jin muryarsa da ƙarfi ba, har wasu suka waiga suna neman mai maganar.

"Don Allah a yi haƙuri. Daga gobe, bakin titi ne. Gidan mai, shataletale, asibiti."

Aka yi dariya. Akanta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, Manaja." Da zai sauka a ƙofar gidansa ya ƙara da cewa, "Gobe ka danna da ƙarfi, yau ban ji na farkon ba."

Washegari na fito a lokacin da na saba, babu mota. Na tsaya har gari ya waye, masu shaguna suka fara buɗewa. Sai ga motar, an wanke ta tas. Kujerar bayan direba babu kowa, jakar ma babu.

"Ina Kwandasta?" in ji Inna.

"Tana gidan raino. Sai da ta karya ma."

A gidan mai ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya jira kaɗan, ya rufe. Babu kowa. Da muka doshi lungun Akanta na ga hannunsa ya tafi kan sigina da kansa, motar ta rage gudu, har kanta ya fara karkata. Inna ta yi wani irin tari. Ya maido da hannun kan sitiyari, muka wuce. Zufa ce a wuyansa, da safiyar nan.

Daga nan wayarsa ta fara ruri a kan dashbod, gaban sitiyari. Ta katse, ta sake kamawa. Bai taɓa ta ba. A shataletale muka samu samari biyu daga ɓangaren injina, waɗanda suka ɗauki maganar da gaske. A asibiti babu kowa. Muka shiga kamfani mu huɗu a motar da ke cika maƙil, mai gadi yana leƙen tagogi yana tambaya ko yajin aiki ake.

Sauran suka riƙa isowa ɗai-ɗai, wasu a tasi, wasu a babur. Akanta a bayan babur ya zo, ya dire da wani tsalle da bai dace da mai larurar gwiwa ba, ya nufi ofishin Manaja. Sauran suka bi shi. Har ɗakin gwaji muna jiyo su.

"Butulci ne! Mutumin da muka yi wa komai!"

"Ni da nake yi wa 'yarsa kitso da hannuna!"

Na fito na tsaya a baranda. Manaja ya fito shi ma, fuskarsa ta nuna ya so a ce yau yana hutu. Ya sa aka kira Agogo.

"Yarinya ta hau motar yau?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka makara?"

"A'a."

"Ka tsaya a tashoshin?"

"Duka."

Manaja ya juya ga taron ya buɗe hannuwa. "To me kuke so in ce ya yi? Ni a nawa ɓangaren..." Hayaniya ta cinye sauran maganar. Da suka watse ya dubi Agogo ya ce, "Ka ja min surutu." Iyakar abin da ya samu ke nan daga sama. Amma bai karɓi makullin ba, har ƙarshen wata ya zo ya wuce. Yayar tasa ta zo, ta kwana biyu, ta yi masa faɗa a kan taurin kai, ta koma ita kaɗai.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Mutane sun fara fitowa titi, amma da fuska a ɗaure. Akanta ya yi makonni ba ya amsa gaisuwarsa. Matajin Sakatariya ya koma gida, kitso ya dawo hannun uba, ko da yake Inna ta ce yanzu layukan sun fara sanin inda suka dosa. Tafiyar filin jirgi ba ta dawo masa ba, muƙamin ma haka. Duk ranar da yarinyar ta tashi ba lafiya, sai ya sake tsayawa a ofis yana bayanin cewa har yanzu babu wata mace a gidan. Waɗanda a da ke cewa babu mutumin kirki irin Agogo yanzu cewa suke mutuwar matarsa ta canja shi.

Kwanakin baya muna tafe, mota ta cika, kowa ya yi shiru, sai Sakatariya ta yi ajiyar zuciya.

"Motar nan ta zama kamar gidan makoki. Agogo, ina Kwandasta ne? Ka daina kawo mana ita gaba ɗaya, ko laifi muka yi?"

"Ai shi ne," in ji Akanta, karo na farko tun ranar rikicin da ya sa baki a maganar da ta shafi direban. "Ya raba mu da yarinya haka kawai. Mu da muka saba da ita."

Na dubi Inna. Inna ta dubi rufin mota, bakinta na motsi.

"Tana lafiya, Anti," Agogo ya ce. "Yanzu har gari ya waye tana barci."

"Allah sarki. Ka gaishe ta." Sakatariya ta leƙa ta taga, ta ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. "Oh, ga damina ta matso. To Agogo, in ruwa ya sauka fa? Ai ka san yadda lungunmu yake zama."

Kowa ya zuba wa direba ido. Har Akanta ya miƙa wuya. Na ga Agogo ya ɗago ido ya dube ta ta madubi, ya jawo tsumman daga kafaɗa ya goge sitiyarin, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen.

"Shagon gidan mai suna sayar da lema, Anti," ya ce. "Masu kyau. Gobe in mun tsaya zan nuna miki."